Yatsu Uku da Rabi

A ofishin da take aikin tace hoton fim babu mai kiranta da sunan yanka. Almakashi ake ce mata, don in hoto ya shiga hannunta ba ta jin tausayinsa. Darakta zai ɓata mako guda yana ɗaukar faɗuwar rana, ta datse ta bar masa daƙiƙa huɗu, ya yi ta kumfar baki, ita kuwa ko a jikinta.

Fim ɗin bana a kan matan bakin kogi ne. Wata bakwai ke nan suna shimfiɗa tabarmi a hanyar shiga masana'antar fenti su zauna, ba zagi ba jifa, kowace riƙe da kwalbar ruwan kogin da ya koma kore yana wari. 'Yan sanda su kwashe su yau, gobe su dawo. Hotuna sun yi kyau, sai dai masana'anta ta tsaya kai da fata cewa ko cokali guda ba ta taɓa zubawa a kogi ba. Ana neman mutum ɗaya daga ciki da zai buɗe baki.

Mutumin kuwa a gidansu yake. Kawunta ne, ƙanin mahaifiyarta, wanda ya riƙe ta tun tana 'yar shekara biyar. Shekara goma sha tara yana tuƙa tankar masana'antar, a gidan ma'aikata yake zaune da iyalinsa, saura shekara ɗaya ya yi ritaya. In aka gane shi, aiki da gida da fansho duk sun tafi.

"Ke 'yar nan," in ji Kawu da ta kawo masa maganar, "baki shi ke yanka wuya."

"Kawu, ni zan tace da hannuna. Zan rufe fuskarka, in sauya muryarka. Ko matarka ba za ta gane ka ba."

"Wannan ai sai ta gode miki," ya ce, ya yi dariya. Amma bai amsa ba sai bayan kwana tara, ranar da ya ga an jefa wata tsohuwa cikin motar 'yan sanda takalminta ɗaya ya faɗi a kwalta.

Aka zaunar da shi a wani ɗaki mai farin labule, aka ba shi rigar aro. Ya faɗi komai: sau biyu a mako, ta tsohuwar hanyar bayan kwari, a kai tankar bakin kogi, a buɗe bututu a jira minti ashirin dattin fenti ya tsiyaye. Yana magana yana kwatance, kamar yadda ya saba.

Almakashi ta zauna a kan hoton hirar, mai minti goma sha ɗaya, kamar kaza a kan ƙwai. Ta dusashe fuskar har kunne ba ya fita. Ta mayar da muryar ta wani ƙato mai mura. Ta cire tarin da yake yi kafin ya fara magana, ta bi ta tsince duk "ka gane ko" ɗinsa, guda ashirin da shida. Ta kalli wurin ya fi sau arba'in, kuma a gaskiya ta ji daɗin kanta. Har ta kira shi a waya ta ce ya kwantar da hankalinsa.

Ranar nuna fim, tun da safe aka sake shi a intanet, da la'asar kuma aka cika zaure da baƙi. Almakashi na layi na uku. Aka zo kan Kawu. Sai wata mata da ke gefenta, wadda ba ta taɓa gani ba, ta taɓa ƙawarta ta ce a hankali, "Wayyo, dubi hannunsa."

Ta duba. Ga shi nan a tsakiyar allo, ya fi ƙofa girma, yana kwatanta yadda ake murɗa bututu. Babu ƙaramin yatsa, na kusa da shi kuma guntu ne. Belin injin mota ne ya cinye su tun kafin a haife ta. Da wannan hannun ya riƙa kai ta makaranta. Tana ƙarama takan ƙirga yatsun ta ce ina sauran, ya ce kaza ta tsince. A wurinta hannun Kawu ne kawai, ta daɗe da daina ganin cewa ya bambanta da na kowa.

Tun ba a gama tafi ba ta tare Darakta a bakin ƙofa.

"Hannun. Mun bar hannun. A sauke fim ɗin yanzu."

"A sauke? Mutum dubu nawa suka riga suka kalla?" Ya gyara gilashinsa. "Ni tun ranar farko na gani. Ai hannun nan shi ne fim ɗin. Na ɗauka da gangan kika bari, na ce lallai yarinyar nan ta san aiki."

"Ka gani, ka yi shiru?"

"Kawunki ne fa. Wa ya fi ki saninsa?"

Ta so ta mare shi, amma gaskiya ya faɗa, wannan ne ya fi ƙona mata rai. Ta koma ofis ta rufe hannun cikin minti goma, aikin da ɗan koyo ma zai iya. Ihu ne bayan hari.

Bayan kwana uku aka ba Kawu takardar kora. Ba a ambaci fim ba, an ce sakaci da aiki, an ba shi mako guda ya bar gidan. Tankar kuwa aka ba wani direba, ta ci gaba da bin bayan kwari. Matan na nan a kan tabarminsu. Darakta ya samu gayyata zuwa ƙasashe biyu, kuma a allon tallan fim ɗin hannun nan aka sa.

Da ta je gidan ta tarar an kwance gadaje, an ɗaure katifu da igiya. Matar Kawu ta amsa sallamarta a daƙile ta shige ɗaki. Shi yana tsakar gida yana naɗe kwanuka da tsofaffin jaridu. Ta durƙusa.

"Kawu, na cuce ka."

"Tashi, 'yar nan, ƙasa akwai datti."

"Wallahi sau arba'in na kalla. Fuskar na yi ta bi."

Ya ajiye kwanon. Ba fushi a muryarsa, ita kuwa da ya yi fushin da ya fi mata sauƙi.

"Na ga aikin a wayar maƙwabci, kin rufe fuskar da kyau. Sai dai da kin tambaye ni. Tankar nan doguwa ce. In na zo ƙofa, hannu nake miƙowa ta taga in ba da takardar fita, mai gadi ya karɓa, manaja ya sa hannu ya maido. Shekara goma sha tara haka muke." Ya ɗauki wata jaridar ya warware ta. "Fuskata ai ba wanda ya santa a can."

Ta miƙa hannu za ta taya shi naɗin. Ya ce ta bari, saura kaɗan.