Farin Jinin Matar Tela

Matar tela tana warware ɗinkin wata farar riga a kusurwar shago, inda ta saba zama tana saka maɓallai, sai reza ta goce ta kama mata ɗan yatsa. Yankan bai taka kara ya karya ba. Ta tsotse, ta ɗaure da ƙyalle, ta ci gaba da hira da masu jiran ɗinki. Ƙyallen ya jiƙe. Ta sake wani, shi ma ya jiƙe.

Tela ya ɗago daga kan keke ya ce, "Kin ɓata wa mutane riga."

"Rigar ka gani, Malam, ba ka ga yatsan ba?"

Ya gani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: ya daɗe yana ganin jini a buroshin haƙorinta, da baƙaƙen tabo a damtsenta alhali ba ta buge ba. Ya rufe shago, suka tafi asibiti.

Aka ɗibi jininta, aka naɗe yatsan tamau, aka ba ta gado. Can da yamma likita ya zo, matashi ne mai saurin magana. Ya ce, "Inna, mun duba. Farin jininki ya yi yawa ƙwarai."

Ta fashe da dariya har da tafi. "Wannan ai tsohon labari ne, ɗana! Malam, ka ji ko? Har na'ura ta shaida. To a gwada naka mu ga baƙinsa."

Likita bai yi dariya ba. Ya ce, "Baba, zo mu yi magana."

A wani ƙaramin ɗaki ya ɗaga siririyar kwalba a gaban fitila. Jinin matar da ke ciki ya rabu uku.

"Wannan na sama mai ruwan ɗorawa, shi ne ruwan jini, shi ke ɗauke da sauran. Ja na ƙasa shi ke kai iska ko'ina a jiki. Farin layin nan na tsakiya, fararen ƙwayoyi ne masu yaƙar cuta, tare da wasu ƙanana masu toshe rauni. A jinin mai lafiya, layin kamar zare yake. Dubi nata."

Na matarsa ya yi kauri kamar igiyar wando.

"In mutum ya yanke, ƙananan nan ne ke rugawa su manne a bakin raunin, kamar faci. Sai ruwan jini ya fitar da wani zare ya saƙa a kansu, jini ya daskare, ɓawo ya fito. Duk a ɓargo ake yin su. Ɓargon Inna ya koma zubo farare marasa amfani, sun cinye wurin, masu facin sun kusa ƙarewa. Ga zaren, babu abin da zai kama."

Tela yana kallon maɓallin rigar likita na biyu, wanda ya kusa tsinkewa. Ya ce, "Ana warkewa?"

"Ana jinya. A shekarunta, ba zan yi maka alkawari ba. Yanzu dai mu tsayar da jinin, don in ya ɓalle ta ciki, ƙyalle ba ya kaiwa can. Za mu ƙara mata masu facin, amma sai an sami masu ba da jini da yawa. Kuma kwana kaɗan suke yi a jiki, sai a sake."

Tela ya jira ya ji wani abu a ƙirjinsa. Bai ji komai ba, sai ƙarar fanka. Shi mutum ne da bai taɓa roƙon kowa ko allura ba, kuma ba mai zama a shagonsa sai don matarsa. Wa zai kira?

Ashe ta riga shi. Da ya koma, tana kan waya da hannun hagu, tana ba ƙawarta labari. "Wallahi likita da bakinsa! Wai yawan farin jini ne ya kwantar da ni."

Ya ce, "Gaya musu ana son jini."

Kafin gari ya waye maganar ta zaga layi. Mai shayi ya zo, direbobi suka zo, mai wanki da guga, matan da take yi wa ragi a bayan idon tela. Suka cika baranda suna naɗe hannun riga. Mai shayi ya ce, "Tela, da kai ne a kwance, da ko sauro sai an roƙe shi." Aka yi dariya. Tela ya ce Allah ya saka da alheri, yana jin muryarsa kamar daga wani ɗaki take fitowa.

Da la'asar nas ta rataya ledar masu facin da aka tace daga jinin jama'a a jikin ƙarfe. Matar ta kalle ta, ta ce, "Wannan kuma jinin wane ne haka rawaya? Na mai shayi ne, na rantse."

Ledar ta yi ta ɗiga har ta ƙare. Bayan wani lokaci nas ta warware bandejin a hankali. Audugar ta fito a bushe. A kan yatsan akwai ɗan baƙin ɓawo.

"Ya tsaya, Malam."

"Ya tsaya."

Ta juya yatsan tana dubawa, sannan ta dube shi. "Me likita ya ce maka jiya, da ya ja ka waje?"

Idan rana ta fito, tafin hannu ba ya kare ta. Tela ya san haka, shi ya saba faɗa wa mutane.

Ya ce, "Abin da ya gaya miki ne."

Ta yi murmushi ta lumshe ido. Ya kama hannunta ya ɗora a kan filo, nesa da ƙarfen gado, don kada ɓawon ya goge.