Neman Sabis a Saman Bene

Shagon Maman 'Yan Biyu yana can ƙuryar ƙasan bene, bayan an wuce shagon Dogo mai gyaran waya da na mai labule, inda ko da tsakar rana sai an kunna ƙwai. Keken ɗinki biyu ne a ciki, da teburin yanka, da wata kujera mai hannu da aka ajiye wa Inna, mahaifiyarta. Tun da ciwon gwiwa ya sa tsohuwar a gaba ba a barin ta ita kaɗai a gida. Kullum da safe Baban 'Yan Biyu zai sauke yara a makaranta, ya sauke matarsa da surukarsa a bakin ginin, sannan ya wuce da motarsa neman fasinja. Inna ta wuni tana tsinke zaren da ya yi saura a jikin kaya tana yi wa kwastomomi tsiya.

Rabin sana'ar a waya take. Mata su turo hoton ɗinkin da suke so, ita ta tura musu hoton abin da ta gama. Da can sabis har kan teburin yanka yake iske ta. Amma tun da mai ginin ya ƙara hawa biyu a sama, aka kuma toshe tagar baya da wata katanga mai kauri da ba wanda ya faɗi amfaninta, sabis ya soma ja da baya. Da farko sai ta tsaya a bakin ƙofa. Daga baya sai ta fita har titi, tef a wuya, tana ɗaga waya sama kamar mai tsayar da mota.

Ta ɗora wa wayar laifi. Ta tsufa, gilashinta ya tsage, ga zafi kamar dutsen guga. Ta yi ta yi wa mijinta mita har ranar da ya shigo da sabuwa fil a kwali, yana ta washe baki.

Dogo ne ya mayar mata da layi da hotuna. Ya juya wayar a hannu, ya yaba, sannan ya ce, “Anti, kaya dai kin yi kaya. Idan akwai sabis za ki ga gudu, ta fi waccan nesa. Amma fa ba ta ƙera sabis. Mu nan a cikin rami muke, kankare da rodi ta ko'ina.”

“Baƙin ciki kake yi don ba a wurinka aka saya ba.”

“Wallahi har da shi,” in ji Dogo, suka yi dariya.

Ta koma shago ta ɗora wayar a kan tebur. Sandar sabis ɗaya ta fito, ta yi kamar za ta zauna, ta ɓace.

“To, amarya ma ta ƙi ɗakin,” in ji Inna.

A makon nan ƙofar shagon ta sake cijewa. Kafinta ya riga ya kankare samanta har sau biyu, ya ce damina ce ke kumbura katako. Kowace safiya kuma sai ta kakkaɓe wani farin yashi a kan yadin da ta bari a tebur. Ta ɗauka ƙurar masu aiki ce. Inna ce ta lura da zare: duk ƙullin da aka ajiye a kwance sai ya gangara a hankali ya nufi kusurwa ɗaya, ta wajen bangon baya.

“Ke, teburin nan naki ya karkace.”

“Inna, idonki ne.”

“Idona ne ke tura zare? Ni dai ɗakin nan yana magana. In kin taka keke ba kya ji, ni da ke zaune ina ji.”

Ranar da abin ya faru, ruwa aka tashi da shi, kuma kwanaki ke nan ana yi. Wata kwastoma da za ta yi tafiya ta ce sai ta ga bidiyon rigarta kafin ta aiko a karɓa. Maman 'Yan Biyu ta ɗauki bidiyo, ta danna, abin ya tsaya yana juyawa. Ta leƙa titi, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ba za ta kai sabuwar waya cikin wannan ba. Sai ta tuna masu aiki sukan ce a sama sabis cike yake.

“Inna, bari in hau sama in tura. Yanzu zan dawo.”

“Ki dai riƙe ƙarfe, kada ki dawo mini da gwiwa irin tawa.”

Shekarunta nawa a ginin, ba ta taɓa wuce hawa na ɗaya ba. Nan akwai mai aski da wasu ofisoshi. Idonta na kan waya, sai ta ji wani abu ya ƙara a ƙarƙashin takalminta. Tayil ɗin baranda ne ya kumburo ya fashe a jere, tun daga matakala har ƙarshe, an ɗora kwali a kai. Mai aski yana ciki yana wa wani gyaran fuska, rediyo na tashi. Sanda ɗaya. Ta ci gaba.

Hawa na biyu sito ne. Ta ƙofar raga ta hango buhunan siminti da kwalayen tayil an jibge har kusa da rufi. A bangon matakala akwai wata tsaga da ta taho a karkace, an shafe ta da fenti, ta sake buɗewa. Ta sa ɗan yatsa, ya shige. Sanda biyu. Bidiyon ya ɗan motsa ya tsaya.

Daga nan matakalar ba ta da ƙarfen dafawa. Ta hau tana bin bango. Ta zaci za ta iske leburori suna fakewa, ta riga ta shirya gaisuwa a bakinta, amma ba kowa. Baro na kwance da kwaɓin da ya daskare a ciki, shebur a tsaye a tsakiyarsa. Wata riga a rataye jikin ƙusa. Mutane ba sa barin kayan aikinsu haka sai in gaggawa ce ta fitar da su, kuma sai yanzu ta tuna ta kwana biyu ba ta ji ƙarar injin kwaɓi ba.

Ɗakin kuwa kamar daji. An tokare rufin da katakai da bututun ƙarfe barkatai, wasu sun lanƙwashe. Can ta baya, daidai saman shagonta in an ja layi, ga wani ginshiƙi da cikinsa ya buɗe. Kankaren ya zube, rodin ciki ya turo waje ya yi baka-baka. Wani ya yaɓa masa sabon siminti, yaɓen ma ya faɗo yana nan a ƙasa. Ruwa na bin jikinsa yana gangarawa cikin tsagar, ba ya fitowa ta ko'ina.

Wayar ta soma rawa a hannunta. Sabis ya cika. Saƙonni suka yi ta shigowa kan juna, bidiyon ya tafi kafin ta ƙifta ido. Ba ta ko duba ba. Ta ɗaga wayar ta ɗauki hoton ginshiƙin.

Ta leƙa ta ƙofar hawan ƙarshe. Manyan tankunan ruwa ne a jere, duk a ɓangaren baya, ruwan sama kuma ya taru a gindinsu ya yi tafki, gaban kuwa ba komai.

Sai ga wata ƙara, ƙas, kamar an karya busasshen ice a ɗaki na kusa. Yashi ya zubo mata a kafaɗa. Bayan haka shiru, sai ruwa.

Ta kira mijinta. Muryarsa ta fito tar kamar yana gefenta.

“A'a! Yau kam ina jin ki raɗau. Ba na faɗa miki ba? Waya ta yi!”

“Baban 'Yan Biyu, kana ina?”

“Ina da fasinja. Lafiya?”

“Sauke su. Ka zo ka ɗauki Inna yanzu.”

“Jikin ne?”

“Ginin ne. Kada ka shigo ciki, ka tsaya a tsallake.”

Ta sauko tana taka matakala a hankali, kamar nauyinta ne zai ƙarasa abin. A hawa na ɗaya ta leƙa wurin mai aski ta ce su fita. Ya dube ta ta madubi, aska a hannu, ya ce, “To Hajiya, bari in gama wannan gefen.”

Ta faɗa shagon Dogo ta miƙa masa hoton. Ya buɗe shi da yatsu biyu, ya daɗe yana kallo. Dariyar da ba ta rabuwa da fuskarsa ta tafi.

“A nan ne wannan?”

“A kanmu. Zo ka kama mini Inna.”

Inna ba ta tambayi komai ba. Ta dubi fuskar 'yarta kawai ta miƙa hannu a ba ta mayafinta. Suka ɗaga ta, Dogo a dama, ita a hagu. Tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, daga ƙurya zuwa bakin titi, ranar ta ƙi ƙarewa. Inna na jan ƙafa, tana tsayawa ta huta, Maman 'Yan Biyu na kallon rufin baranda tana jin kowane numfashin tsohuwar. Tana wucewa tana buga ƙofofi. Mai labule ta fito da almakashi a hannu, wasu suka leƙo, wasu suka biyo su cikin ruwa.

A bakin ƙofa suka ci karo da Manaja, wakilin mai ginin, da lemarsa. Wani ya riga ya kira shi. Ya karɓi wayar ya dubi hoton, bai yi mamaki ba, kuma rashin mamakin nan ya fi hoton tayar mata da hankali.

“Wa ya ba ki izinin hawa can?”

“Izini? Ginshiƙi ya fashe a kan uwata kana zancen izini?”

“Shafe ne ya ɓantare. Injiniya ya gani, ya ce ba komai. Masu aiki ruwa ne ya kore su.” Ya juya ga jama'a yana murmushi. “Kowa ya koma shagonsa, don Allah. Mata da tsoro.” Sannan ya rage murya yadda ita kaɗai za ta ji. “Ki goge wannan. Kada in gan shi a wayar kowa.”

Ta fizge wayarta.

Suka tsaya a rumfar tsallaken titi har ruwa ya ɗauke. Ginin yana nan tsaye, fentinsa na ƙyalli. Mutane suka gaji, suka soma komawa ɗaya bayan ɗaya, wasu na dariya. Mai aski ya ɗaga mata hannu daga baranda.

Washegari mijinta da Dogo suka shiga da sauri suka fito da kekunan da yadin mutane. Ta mayar da ɗinki falon gidanta. Dogo ya yi kwana kaɗan shi ma ya kwashe, ya koma ƙarƙashin wata lema a bakin kasuwa. Ta kai hoton ofishin masu duba gine-gine. Suka zo suka shafa jan fenti a bangon gaba, suka ce za a dawo. Kafin mako ya zagayo an bi jan da fari.

Bayan wata guda ta biyo ta titin za ta sayi zare, ta ce bari ta leƙa mai labule. Tun daga baranda ta ji muryoyi suna bin karatu. A ƙofar tsohon shagonta ga ƙananan takalma a jere, da gorunan ruwa masu igiya. An cire ƙofar gaba ɗaya, an sa labule.

Ta ɗaga labulen. Yara ne ƙanana zaune a kan tabarma, wata matashiyar malama na tsaye da alli. Maman 'Yan Biyu ta yafito ta, ta nuna mata hoton.

Malamar ta ce, “Manaja ya faɗa mini wata tela ta yi rigima a nan. Ya ce an gyara.”

“Ni ce telar. Zo mu hau ki ga gyaran da idonki.”

Suka hau tare. A hawa na biyu suka tarar an sa wa matakalar ƙofar ƙarfe da ƙaton kwaɗo. Ba su buƙaci wucewa ba. Tsagar bangon yanzu hannu na shiga, ana hango hasken waje ta ciki, kuma wani sanyi na busowa ta nan. Malamar ta tsaya tana kallo, allin na hannunta. Can sama wani abu ya yi ƙara a hankali, ya yi shiru, ya sake.

Malamar ta juya. Da suka iso ƙasa ta tafa hannu.

“Yara, kowa ya sa takalminsa. Yau a waje za mu yi karatu.”

Maman 'Yan Biyu ta durƙusa tana sa wa wata yarinya takalmi, ta sa na dama a hagu, ta bar shi haka. Ta saɓa ɗaya a kafaɗa, ta riƙe hannun wani, suka fito a jere suna tsallaka titi. Yaran na murna. Da ta waiwaya, Manaja na tsaye a barandar hawa na ɗaya, waya a kunne, yana kallon ta. A bakin ginin kuma wata babbar mota ta ja da baya ta tsaya, aka soma sauke bulo.