Muryar da Auta Ta Karanta Shafin Ƙarshe

Auta ta juya shafi, ta ɗan yi jim, sannan ta ci gaba da karatu. Mahaifinta, tsohon mai gyaran agogo, yana kishingiɗe a bakin taga, takardar asibiti a aljihunsa. Tun da idonsa ya mutu ita ce idonsa: wasiƙa, kwalin magani, har wannan tsohon littafi da bangonsa ya cire.

Labarin wani ginin ƙarfe ne da aka tarar a wata duniya can bayan taurari, ba a san waɗanda suka ƙera shi ba. Duk wanda ya shiga, shi ke nan. Mutum shida sun shiga ba su fito ba, daga ƙarshe jagoransu ya bi su.

"Sai jagoran ya hango haske," in ji Auta, muryarta sumul kamar an shafa mata mai. "Ƙofa ta buɗe, ya fito lafiya lau, ya koma wurin iyalinsa."

Tsohon ya tashi zaune. Kai! Littafin da ya karanta ya fi sau goma tun kafin ya auri uwarta? Jagoran bai fito ba. A ɗaki na ƙarshe ya zauna yana zana hanya saboda na baya, har numfashinsa ya ƙare.

"Haka aka rubuta?"

"Haka ne, Baba."

"Ikon Allah! Ashe littafi ma yana sake shawara idan ya tsufa."

Ta yi 'yar dariya. Shi kam bai yi ba. Wanda ya shekara arba'in yana kara agogo a kunne ba ya rasa gane inda bugu ya sauya. Da wannan muryar mai santsi ta karanta masa sakamakon gwaji ranar Talata: "Ba komai, Baba, gyambon ciki ne kawai." Tun daga ranar yayyenta suke sintiri a gidan, har babban da yakan shekara bai leƙo ba. Wato kowa ya sani, mai ciwon kaɗai aka mayar yaro. Abin ya ci masa rai, kuma a ce Auta ce!

Ya zaro takardar ya miƙa mata.

"Ai na karanta maka, Baba."

"Kin karanta min yadda kika karanta wancan. In ba za ki iya ba, kira min maƙwabci."

Ta karɓi takardar. Can ta ja numfashi ta fara, tana tuntuɓe a kan kalmomin likita, da muryarta ta kullum.