Tabon da Na Ara

Ni dai labari na zauna rubutawa. Ina aji biyu a jami'a nan Aliero aka yi dogon hutu, zaman gida ya ishe ni, ga waya a hannu, ga kan da ba ya zama wuri ɗaya. Na sa wa littafin suna Baƙon Rudu. Labarin wata yarinya ne, Hindu, 'yar manomin albasa, da wani saurayin aljani, Zayyad, wanda ke zaune cikin rudun da babanta ke jibge albasa har ta yi tsada. Albasar kowa a garin tana ruɓewa, ban da tasu. Hindu ba ta san dalili ba, masu karatu ma sai a feji na tara na bari suka sani.

Kullum bayan la'asar nake tura feji ɗaya a guruf ɗin masu karatu na waya. Kafin magariba 'yan mata sun cika mini waya da roƙo, wai don Allah Anti Fa'iza kar a kashe Zayyad. Ni da a gidanmu ko shawarar miya ba a yi da ni, sai ga shi na zama Anti. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

Matsalata ɗaya ce tun farko, Hindu ba ta da rai. Fara ce, doguwa, gashi har gadon baya, irin wadda kowa ya gaji da gani a littafi. Na juya ta, na juya ta, ta ƙi tashi. Sai na tuna da Hamdiyya.

Hamdiyya 'yar Gwaggo Tani ce, ƙanwar babana da ke aure a Liba, can ƙasar Maiyama. Sa'ata ce, kuma duk hutun ƙuruciyata a ɗakinsu na yi shi, tabarma ɗaya, kwano ɗaya. Tana da farfaɗiya tun tana shekara goma sha biyu. Mu huɗu muka sani: iyayenta, ni, sai daga baya Muhsin, mahaucin nan na Jega da zai aure ta, wanda ita da bakinta ta gaya masa, ya ce ya ji ya gani. Idan ciwon zai zo, takan ji ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya taɓa, ko da ana tsakiyar rani. Sai ta yi shiru, ta fara murza babban yatsa. Faɗuwarta ta fari a bakin murhu ta yi, ta tashi da tabon ƙuna a wuyan hannun hagu, aka ce wa mutane kunu ne ya zube mata. Maganinta daga asibitin birni ake karɓowa, Gwaggo ta ɓoye shi cikin kwanon ƙarshe na jerenta. Shekara uku ke nan ba ta faɗi ba.

Duk wannan na kwashe na bai wa Hindu. Ƙamshin ƙasa ya zama alamar Zayyad yana kusa, faɗuwar kuma ta zama isowarsa. Tabon ya zama wurin da ya fara riƙe hannunta, da yake shi ɗan wuta ne. Shirun da murza yatsa suka zama hirar da suke yi ba mai ji. Da hannu ya saba da ɗauka, na haɗa da kurnar ƙofar gidansu da rijiyarsu mai fasasshen baki. Na canja suna, na ce ai shi ke nan. Kuma wallahi daga ranar Hindu ta tashi ta yi tafiya.

Ban san wadda ta fara karanta shi da murya ba. Wata ce dai mai zaƙin murya ta ɗauke shi feji-feji, masu cajin waya na kasuwar Jega suka shiga zuba wa mata a memori. Ranar da na ji shi yana tashi daga wayar wata mai tsintar albasa a kasuwarmu, tsayawa na yi ina murmushi kamar an ba ni kyautar mota. Ko sau ɗaya Liba ba ta faɗo mini a rai ba.

Saura wata biyu bikin Hamdiyya, an riga an kawo akwatuna, Gwaggo ta kira ni da safe. Ba ta amsa gaisuwata ba.

"Ki zaka Liba yau," ta ce, ta kashe.

Na hau mota zuwa Maiyama, daga nan na hau kabu-kabu. Na iske Gwaggo a tsakar gida tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Hamdiyya na ɗaki, an saki labule. Abin da ya faru shi ne, an yi suna a Jega, mata na aikin abinci an kunna littafina. Akwai wata 'yar Liba da ke aure can. Da aka zo kan kurna da rijiya da tabon hannun hagu, ta ajiye muciya ta ce wagga ai ɗiyat Tani ta. Wata ta ce ai mai rubutun ma 'yar uwarta ce, ta cikin gida ce ke faɗi. Kafin a sauke tukunya an gama yanke cewa Hamdiyya aljani gare ta. Hajiya Amariya, uwar Muhsin, tana zaune a wurin tana yanka alayyahu. Jiya ta aiko a dakata da maganar biki.

"Fa'iza, mi munka yi miki?" Gwaggo ta ce. "Shekara tara ina ɓoyon abin ga, ko maƙwabta ba su sani ba. Ke kin ɗauka kin raba ma duniya cikin waya."

"Gwaggo, labari na kawai. Na sake suna."

"Kin sake suna. Rijiyar hwa, kin sake mata baki?"

Na ce zan gyara, na faɗa da ƙarfi har sau biyu, don ni kaina ina son in ji.

A kan hanyar komawa na goge duk fejin da na taɓa turawa. Na rubuta sanarwa cewa Baƙon Rudu ƙirƙira ne, babu wata Hindu a duniya, duk mai danganta shi da wata ya ji tsoron Allah. Ban kai Aliero ba amsoshi suka fara zuwa. Wata ta ce Zayyad ne ya tsorata Anti. Wata ta ce dama ita ta san gaskiya ne, don ba a ƙirƙiro irin wannan ƙamshin da ka. Waɗanda ba su taɓa jin maganar Liba ba, sanarwata ce ta sa suka fara tambaya.

Washegari na tafi Jega, na bi rumfunan masu caji ɗaya bayan ɗaya ina roƙo. Ba wanda ya yi mini gardama. Wani dattijo a cikinsu ya goge a gabana, ya juyo mini da kwamfutar in gani, sannan ya nuna mini kasuwa da hannu.

"Na goge nawa, ɗiyata. Na cikin aljihun mutane hwa, wa za ya bi shi?"

Na kalli kasuwar. Mata da goyo, mata da buhu, kowa da 'yar wayarta a ɗaure a bakin zane.

Saura mini ƙofa ɗaya. Na nemi Muhsin a layin mahauta, na same shi zaune bayan teburinsa, nama na gabansa ƙuda na bi, bai kore ba. Na ce ya kai ni wurin Hajiya. Ya wanke hannu ya shiga gaba, na bi shi har gida.

Na so a ce Hajiya Amariya muguwa ce, da na sami wanda zan ɗora wa. Amma ta karɓe ni da fara'a, ta sa aka shimfiɗa mini darduma, aka kawo fura. Har ta ce mini ta yi kuka ranar da aka ƙone rudun Zayyad, kuma Allah ya ba ni baiwa. Muhsin ya tsaya a bakin ƙofa. Na durƙusa na yi bayani tiryan-tiryan, yadda na ƙirƙiro Zayyad a ɗakina ina cin gyaɗa, yadda ban taɓa ganin aljani ba, balle Hamdiyya.

Ta saurare ni har na gama.

"Na ji, ɗiyata. Abu guda nika tambaya. Tabon ga da ag ga hannunta, ke kinka ƙirƙiro shi?"

"A'a, Hajiya. Ƙuna ta."

"To ki rantse mani da Allah yarinyag ga ba ta taɓa yanke jiki ta hwaɗi ba. Kin rantse, gobe in aika a ci gaba da shiri."

Rantsuwa ɗaya ce ta rage a ceci auren Hamdiyya, kuma ba zan iya ɗaukar sunan Allah in ɗora a kan ƙarya ba. Na juya na kalli Muhsin. Ya sani, shi ya ce ya ji ya gani, magana ɗaya daga bakinsa ta fi tawa dubu. Yana kallon silifas ɗinsa kamar yau ya fara ganinsu. Haushinsa ya kama ni, tsoro ya kama ni, sai na yi abin da nake ganin dabara ce.

"Hajiya, ba aljani ba na. Ciwo gare ta, kuma tana shan magani. Shekara ukku ba ta hwaɗi ba."

"Wane ciwo?"

Na faɗa. Ina faɗa na ga fara'ar ta sauka daga fuskarta a hankali, ta jingina da bango.

"Ai gara aljanin," ta ce. "Aljani ana roƙonai shi tahi. Wanga hwa, jikokina shika bi."

Na ce likita ya ce ba lalle ba ne. Na ce ba a ɗauka, ba a shafa, mata nawa ke da shi suna aure suna haihuwa lafiya. Na yi ta zuba kamar mai talla. Ta bar ni na gaji, sannan ta ce in sha furata kar ta tsinke. Da na fito, Muhsin ya biyo ni har zaure, idonsa ja, ya ce mini shi ba ya iya saɓa wa uwarsa. Na ce ba wanda ya ce ka saɓa mata, cewa aka yi ka buɗe baki. Amma ni ma ban da bakin yi wa wani faɗa. Abin da littafi ya bari a rufe, ni na je har gida na buɗe shi.

Gwaggo ba ta jira a aiko ba. Kwana uku bayan nan ta sa aka ɗaure akwatunan a bayan babura biyu aka mai da su Jega, ko ɗankwali ba ta bari an taɓa ba. Ta daina amsa wayata. Babana ya yi mini faɗan da bai taɓa yi ba, ya ce ko takardar cefane ya sake ganin na rubuta sai raina ya ɓaci. Guruf kuwa bai fasa ba, kullum sai an tambayi Anti ina feji na talatin da ɗaya.

Sai da na yi mako biyu kafin na iya komawa Liba. Da hantsi na isa. Hamdiyya na bayan gida gindin rudun babanta, ta baje albasa a kan buhu tana ware masu taushi gefe. Ta rame. Ta sa riga mai dogon hannu, ita da ba ta son su. Na zauna nesa kaɗan, na jawo albasa na fara taya ta, ba ta hana ni ba. Na shirya maganganu tun daga Maiyama, duk suka gudu. Na ce ta yafe mini. Ta ci gaba da tsinta.

Can ta ce, "Na saurare shi. Duka, har inda kinka tsaya."

Hamdiyya ba ta karatun littafi, kullum cewa take ƙaryar 'yan boko ce. Na sunkuyar da kai.

"Ƙamshin nan, kin hwaɗe shi daidai," ta ce. "Ban san kina saurare na haka ba."

Da zagina ta yi, da na fi jin sauƙi. Hawaye suka zubo mini, na bar su a kan albasa.

"Shi Zayyad, ya san tana hwaɗuwa?"

"Ya sani."

"In ta hwaɗi mi shika yi?"

"Shina tare mata kai kar shi bugi ƙasa. Shi zauna har ta tashi."

Ta ɗauki wata albasa ta matsa ta da yatsa, ta juya ta, ta ajiye cikin masu kyau.

"A ƙarshe shina barinta?"

Ban rubuta ƙarshen ba, amma na san shi tun ranar da na fara. Na ce a'a, ba ya barinta.

"To ki ƙarasa," ta ce. "Kar ki tura ma kowa. Ki kawo mani nan ki karanta mani."

Ta jawo wani buhun ta kwance bakinsa. Na matso kusa, muka ci gaba da tsinta.