Kuɗin Fito a Tafkin Zalɓe

A daren jiya mafarki ya ajiye ni a bakin wani tafki, ina goye da yayata Barira. Zazzaɓi ya cinye ta har ba ta fi ƙwarya nauyi ba. Asibiti yana can tsallake, ginin yana ja da baya a hankali kamar saniya mai kiwo. Ana ruwa, amma daga tafkin yake tashi yana zuba a cikin gajimare.

Mai fito wani zalɓe ne dogo, sanye da malafa. Ya ce ba ya karɓar kuɗi, amsa yake karɓa. Ya nuna min kainuwa da ke kwance a wani gefen ruwan.

"Duk amsar da ka kuskure, Malam, za ta ninka kanta. In ta rufe tafkin, a nan za ku zauna."

Sai ga mu a tsakiyar ruwa. Ban ga lokacin da muka shiga kwalekwalen ba.

"Kilo guda na auduga da kilo guda na ƙarfe, wanne ya fi nauyi?"

"Ƙarfe," in ji bakina, tun kafin in gama ji.

"Kilo ai kilo ne," in ji zalɓe. Kainuwar ta yi wata ƙara kamar ana yaga zane, ta bazu.

"Kana tsere, ka wuce na biyu. Kai ne na nawa?"

"Na ɗaya!"

"Gurbin wanda ka wuce ka shiga. Kai ne na biyu."

Wannan karon ganyen ya zo har jikin kwalekwalen yana shinshina katakon. Na duba, rabin tafkin ya koma kore. Na ce wa Barira ta kwantar da hankalinta, ai da sauran wuri, rabi guda yana nan.

Ta buɗe ido da ƙyar. "Sallau, in rabi ya ninka, me ya rage?"

Na sa hannu biyu na damƙe bakina, yana mutsu-mutsu a tafina kamar kwaɗo.

Zalɓe ya ajiye sandar tuƙi, ya sunkuyo har na ga kaina a ƙwayar idonsa.

"Uwar Barira 'ya'yanta mata uku ne. Ta fari Jummai, ta biyu Asabe. Ta uku fa?"

Juma'a, Asabar, ai sai Lahadi. Amsar ta taso min da gudu, mai santsi, mai daɗi. Bakina ya zame ta tsakanin yatsuna ya ce, "La..."

Nan take na ga wata baƙuwar mace zaune a wurin yayata, sanye da zanenta, tana min murmushi da haƙora masu yawa. Ita kuwa yayar tawa tana cikin ruwa har wuya, saiwoyin kainuwa sun naɗe mata kafaɗu. Ba ta yi ihu ba, kallona kawai take yi.

"Ƙarasa mana, ƙanena," in ji baƙuwar. "Ladi. Ni ce."

Na ciji harshena har na ji gishirin jini. Na maimaita tambayar a zuciya, kalma bayan kalma, ruwa yana kai mata haɓa. Uwar wa ya ce? Uwar...

"Barira!" na ce. "Ta ukun Barira ce!"

Baƙuwar ta narke kamar man shanu a rana. Na cusa hannu cikin ganyen na kamo wuyan hannun yayata, na ja, saiwoyin suka ja. Zalɓe ya gyara malafarsa.

"Saura tambaya ɗaya, Malam."

Ya buɗe baki, sai ƙarar injin markaɗen maƙwabta ta fito daga maƙogwaronsa. Na farka rana ta fito, ina riƙe da ƙafar gado da hannu biyu, harshena yana zogi.