Rawar Idon Inna Hajaratu

"Ɗauke tsummanki, Shafa'atu. Kore mani shi za ki yi?"

Inna Hajaratu, maƙwabciyarmu, ta ture hannuna, ruwan ɗumin ya zube a tabarma. Fatar idonta sai rawa take.

"Inna, ba baƙo ba ne. Rashin barci ne da goro, haka aka koya mana a makarantar kiwon lafiya. Bari in gasa maki, ki samu barci, zai daina."

"Boko ta san ɗana? In ido ya yi rawa, wanda aka daɗe ba a gani ba yana tafe. Uwais ne."

Uwais kaɗai ta haifa. Tun da ya samu aiki a Abuja bai sake taka Daudawa ba, wai hanya ba lafiya. Hanyar da nake bi duk mako zuwa Faskari in karɓo mata maganin hawan jini. Na kira shi a waya har na gaji. Kullum amsa ɗaya: "Ina tafe, ƙanwata."

Sai ta daina yarda da barci, kada ya iso tana kwance. Goro take tauna don korar gyangyaɗi, goron ya ƙara rawar, rawar ta ƙara mata tabbaci. Mashin ba ya wucewa ba ta ce, "Leƙa mani," ba. In leƙa, in dawo, in ce mai kai niƙa ne. Ni nake yi mata wanka, ni nake ɗaga ta, ban yi kuka a gabanta ba ko sau ɗaya.

Ranar da jikin ya yi tsanani, bayan la'asar, ta kama hannuna.

"Ya daina rawa," ta ce. Ta daɗe tana kallon ƙofa. "In ya zo, ki ce na yafe mashi duniya da lahira."

Kafin magariba ta cika.

Ranar sadakar uku ya iso, cikin mota, ta wannan hanyar dai. Ya same ni bakin rariya ina wanke tukwane.

"Ƙanwata, an ce ke ce a kanta. Ta bar magana?"

"Ta bari."

"Mi ta ce?"

"Ta ce a ba Bilki mai ɗebo mata ruwa akuyarta."

"Ni fa?" Ya matso kusa da ni. "Da fushina ta tafi? Don Allah ki faɗa mani."

Amana ce, na sani, kuma zan sauke ta. Amma matar nan ta jira shi har ta mutu, shi ma ya ɗan taɓa.

"Matsa, Yaya Uwais. Cikin ruwan wanke-wanke kake tsaye."

Ya matsa. Ya je ƙofar ɗakinta ya ɗaga labule, bai shiga ba. Ya tsuguna a dokin ƙofa da fararen kayansa, kaji suna kiwo a gefen takalminsa.