Sai Bayan Sallah

"Buɗe bakin mana, Lailatu, kunun kanwa ne fa," in ji Rashida, ludayi a hannunta.

Lailatu ta dube ta, ido biyu tar, haƙora a datse. Leɓɓanta sun ja baya kamar mai murmushi, alhali gumi ne ke tsattsafo mata a goshi. Kwananta tara da haihuwa, ko naman suna bai ƙare ba. Wani yaro ya buga ƙyauren gida da ƙarfi, sai jikinta ya sandare, bayanta ya bankare ya bar katifa. Rashida ta aje ludayin, ta fita da tsohon cikinta tana kiran Yahaya, mijin Lailatu, wanda ke walda a bakin titin Kambarawa.

A Napep aka kai ta asibiti. Aka sa ta wani ɗaki mai duhu, aka ce kada a yi hayaniya, ko tari mai ƙarfi tayar mata da ciwon yake. Likita ya ce ciwon sarƙe haƙora ne, ya shige ta wajen haihuwar da ta yi a gida. Rashida na tsaye a baranda ta ji ya tambayi Yahaya ko an yi mata allurar rigakafi wurin awo. Yahaya ya ce ai kullum tana zuwa.

Tana zuwa kam, kuma Rashida ce ke kai ta. Katanga ɗaya ta raba su. Lailatu yarinya ce daga ƙauye, cikin fari, ba a taɓa tsira mata allura ba tun da aka haife ta. Ita kuwa Rashida 'ya'ya huɗu, ga baki, babu abin da ba ta sani ba a ganinta. Tata allurar ma ta yi tun kafin azumi. Ranar da malamar asibiti ta kira Lailatu, azumi na da kwana uku, Rashida ta jawo mata hijabi.

"Ke, azumi fa kike. Duk abin da ya shiga jiki ya karya. Ki bari sai bayan Sallah."

"Malama ta ce ba ya karyawa, Yaya."

"Ita za ta rama maki?"

Lailatu ta yi dariya, ta mayar da katinta cikin leda. Ita da ma tsoron allura take. Bayan Sallah aka yi ta ziyarce-ziyarce, aka ce mako mai zuwa, mako mai zuwa, sai naƙuda ta zo mata tun wata bai cika ba.

Kwana uku ta yi a ɗakin nan mai duhu. Ranar Laraba da hantsi ta cika.

Rashida ba ta yi kuka ba. Ta so ta yi, wallahi ta so, amma ido ya bushe ƙamas. Ita ta dafa ruwan wanka, ita ta aro tabarmi, ita ta riƙa amsa "Allah shi jiƙanta" da "amin" kamar bakin wata ne ke motsi. Mata na ta faɗin albarkacin bakinsu, wannan ta ce iska ne, waccan ta ce jego ne bai karɓe ta ba. Jaririyar na hannun kakarta, tana tsotsar yatsa.

Ranar sadakar uku, bayan la'asar, Yahaya ya yi sallama a zauren su Rashida. Ya cire takalmi ya durƙusa, ita tana tsaye bayan labule. Suka gaisa, ta yi masa ya haƙuri, ya ce da godiya.

"Maman Shehu, katinta na gani cikin akwati," in ji shi. "Wurin allurar ba a rubuta komai ba. Ke kuke tafiya tare. Mi ya faru? Su suka ƙi yi mata?"

Da ta ce layi ne ya yi yawa, ko magani ya ƙare, da ya yarda, har ya tsine wa asibitin ya samu inda zai sauke abin da ke ransa. Babu mai ƙaryata ta, wadda ta sani tana ƙasa.

"Ba su ƙi ba," ta ce. "An kira ta. Ni na hana ta, na ce azuminta zai karye."

Daga titi ana jin ƙarar injin markaɗe.

"Yanzu na tuna, ta tambaye ni a ranar ko allura na karya azumi," in ji Yahaya a hankali. "Ina sauri zan fita. Na ce mata ta bi abin da kika ce, ke kin fi mu sani."

Ya daɗe a durƙushe, sannan ya laluba takalmansa ya sa, ya fita bai ja ƙyauren ba. Rashida na nan tsaye riƙe da gefen labule, ɗan cikinta yana ta motsi ƙarƙashin zani.